Na Je Ibadan Neman Laifin Rabi'u

Ana sallame sallar asuba ranar Litinin muka ɗauki hanya daga Kano, mu uku a Fijon kamfani: ni, da direba, da wani abokin aiki daga sashen sayen kaya da zai je duba hatsi a Kasuwar Bodija. Kayana ba su da yawa. Akwatin aiki ne, da kaya kala uku, da wani rahoto da na riga na rubuta na ninke a aljihu tun kafin in ga abin da zan yi rahoto a kansa. Gara in faɗa muku gaskiya tun daga nan: ba gyara ya kai ni Ibadan ba. Na je ne in kama Rabi'u da laifi.

Bari in ba ku tushen maganar kafin mota ta yi nisa. Kamfaninmu fataucin hatsi da goro yake yi, hedkwata a Kano, rassa a Kaduna da Ibadan da Legas. Bara Alhaji mai kamfanin ya je ƙasar waje ya ga mutane suna taro ta talabijin, kowa na ganin kowa daga garinsu, ya dawo ya ce shi ma sai an yi masa. Aka kafa kwanon setilayit a rufin kowane ofis, aka ajiye talabijin mai kyamara a ka. Tsakanin talabijin ɗin da kwanon akwai wani akwati, masu sayarwa suna ce masa getwe, mu kuwa mai gadi muke ce masa, don aikinsa ke nan. Kira ya zo, ya dubi lambar, ya duba jerin dokokin da aka rubuta masa, ya nuna wa kiran ƙofar da zai shiga. Ni na rubuta jerin nan, na aika wa kowane reshe a faifan kwamfuta, na kulle shi da kalmar sirri yadda kowa zai iya karantawa amma ba mai iya taɓawa sai ni.

A Kano komai na tafiya daidai. A Ibadan kuwa, duk lambar da suka buga, ko Legas ko Kaduna, talabijin ɗin ofishin Alhaji ce ke kunna kanta. Wata rana wanzami yana tsakiyar yi wa Alhaji aski, ba hula, rabin kai fes rabi kumfa, sai ga manajan Ibadan da ma'aikatansa a jere a kan kujeru suna kallonsa. Ranar Alhaji ya kira ni, kuma ban tsaya wani tunani ba na ce masa matsalar daga can take, injiniyan Ibadan ne bai haɗa kayansa daidai ba. Ya ce in je in gani da idona, ranar Alhamis da hantsi a kira shi daga can a faɗa masa mai laifi. Ya ƙara da cewa kamfanin da ya sayar mana da na'urorin ya ba mu gurbin mutum ɗaya, kwas na wata uku a Turai, kuma bayan kiran Alhamis zai faɗi wanda zai tafi. Mu biyu ne kawai injiniyoyin da ake magana, ni da Rabi'u.

Rabi'u haifaffen Sabo ne, unguwar Hausawa ta Ibadan. A makarantar fasaha a Kaduna muka haɗu, ina gabansa da shekara biyu, ni na koya masa yadda ake like waya da dalma ba tare da ya ƙona yatsa ba, ni kuma na kawo shi kamfanin nan. Shekara uku ke nan, yanzu ko'ina sunansa ake kira. Da kunnena na ji Alhaji yana ce wa baƙi, yaron nan nasa na Badun, wato Ibadan, akwai kai. Tun ranar wani abu ya shiga zuciyata, kuma na san sunansa. Ƙyashi ne.

Daga Kano zuwa Kaduna hanya ta yi mana kirki. Da muka karya muka nufi Birnin Gwari sai ta nuna halinta, ramuka cike da ruwan damina, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Gidajen mai duk layi ne ko kuma an ɗaure igiya a ƙofa, don haka wajen 'yan bumburutu muka sha mai sau biyu, direba yana shinshina galan kafin a zuba kamar mai sayen turare. A Tegina muka ci shinkafa da miyar da ba ta san nama ba sai a labari. Abokin tafiyarmu tun daga Zariya yake maganar shekara ta dubu biyu da ke tafe, wai ya ji an ce duk kwamfutocin duniya za su haukace, yana tambayata ko gaskiya ne. Ina ba shi amsa da ka. Hankalina yana wani wuri, ina ta ganin Rabi'u cikin ƙatuwar rigar sanyi yana ɗaukar hoto a kan ƙanƙara, hoton kuma an rataye shi a ofishin Alhaji.

A Mokwa doya ce tsibi-tsibi a bakin titi, da araha har direba ya fara lissafin inda zai cusa ta a dawowa. A Jebba muka haye gadar Kwara da yamma, ruwa ya cika ya yi jajir, mata masu ƙyafaffen kifi suka yanyame motar kafin ta gama tsayawa. Na sayi guda biyu, na ci ɗaya da rabi, sai ƙaya ta maƙale mini, na ce ko kifin ma ɗan kudu ne, ya san abin da ya kawo ni. A Ilori muka kwana.

Talata da safe muka bi ta Ogbomosho da Oyo a bayan manyan motoci, hanya siririya, daji kore shar har ido ya gaji. Wajen Akinyele muka fara cin karo da tirelolin shanu da na albasa daga gida, ana ɗaga mana hannu da an ga lambar Kano. Sai ga Ibadan ta baje a kan tuddai, rufin kwano mai tsatsa iya ganinka. A shataletalen Mokola direbanmu ya zagaya sau biyu kafin 'yan tasi su bar masa hanyar fita, yana zagi da Hausa suna ramawa da Yarbanci, kowa ya gamsu.

Ofishin reshen yana saman wani bene a Mokola. Tun daga matakala Rabi'u ya taro ni, ya rissina ya karɓi akwatina yana cewa, "Yaya, sannu da hanya, ya gajiya?" Na so a ce ya yi ƙiba ko ya fara girman kai, in sami abin riƙewa. Yana nan yadda na san shi. Ya juya ya yi wa manaja bayanina da Yarbanci, ya amsa waya da Turanci, ya dawo kaina da Hausa, duk a numfashi ɗaya. Ni da nake taƙama da Turancina na tsaya ina murmushin yaƙe. Ya ce ba zancen otal, a gidansu zan sauka.

Daga Mokola zuwa Sabo tafiyar ƙafa ce, amma kunnenka ne zai fara gaya maka ka shigo wani gari. Hausa ta ko'ina. Masu canji a kan benci suna kiran mai wucewa, 'yan dako sun ɗauko huhunan goro suna neman hanya, masu tsire sun fara hura wuta tun la'asar ba ta yi ba. Na ji wani ɗan dako yana magana da harshen mutanen Haɗeja sak, na ji kuma samari suna fara zance da Hausa su ƙarasa da Yarbanci ba su ma san sun sauya ba. Duk taku goma sai an tsayar da Rabi'u. Wannan rediyonsa ya gyaru, wancan yana godiya a kan wayar shagonsa, kowa Injiniya, Injiniya. A unguwarmu a Kano har yau mai gyaran talabijin ake ce mini.

Mahaifiyarsa, wadda duk layin ke kira Alhaja, daga cikin gida take sana'arta. Waina take yi da kunun gyaɗa, kwanuka suna shigowa daga maƙwabta suna fita, ita tana zaune a gindin tanda ta san na kowa ba tare da ta ɗaga kai ba. Da na durƙusa na gaishe ta sai ta ajiye cokali.

"Kai ne Tukur ɗin? E kabo, ɗana, sannu da zuwa. Kullum sai yaron nan ya ce duk abin da ya iya a hannunka ya koya. Zauna ka ci abinci, abi ba ka iya cin amala ba?"

Na iya. Na ci amala da miyar ewedu mai yauƙi da barkonon da ya sa ni hawaye, kuma na gode wa barkonon, don ya ba ni dalilin sunkuyar da kai. Rahoton da na rubuta a kan ɗanta yana aljihun rigata, ina jin kaifin takardar a ƙirjina duk sanda na kai loma.

Laraba tun da safe na fara farauta. Na hau rufi na duba kwanon, yana kallon inda ya kamata. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya daga sama har bayan talabijin, na tarar kowace an ɗaura mata 'yar takarda an rubuta inda ta fito da inda za ta. Nawa na Kano kuwa a cukurkuɗe suke kamar taliya, ni kaɗai na san kansu, wani lokacin ma ni ɗin sai na yi addu'a. Na buɗe littafin da yake rubuta aikin kullum, ba ranar da ya tsallake. Har janareta na leƙa ko zan ga mai ya zuba. Wajen azahar na kama kaina ina jin haushin tsabtar wurin, kamar don a ci mini fuska aka share shi.

Duk wannan Rabi'u yana biye da ni yana miƙo mini abin da na nema. Sai bayan la'asar, da na zauna a gaban mai gadi na rasa abin dubawa, ya jawo kujera.

"Yaya, ka ga fas ɗin da na turo?"

Sau uku ya turo mini takarda ta fas. Layin farko kawai nake karantawa, in ga ya rubuta a duba jerin dokoki, in jefa a durowa. Wa zai duba mini jeri? Na ce masa na gani.

"To mu yi wani abu. Kai ne mai gadi, ni ne kira. Na zo da lamba sittin da uku, Legas za ni. Karanta mini dokokinka daga sama."

Na karanta ta farko da muryar malamin makaranta. "Duk lambar da ta fara da shida, ofishin Alhaji."

"Shi ke nan, na tafi," in ji shi, ya miƙe ya nufi ƙofa.

"Ina za ka? Ai dokar Legas tana ƙasa, ta biyar."

"Ban kai can ba, Yaya. Lambata da shida ta fara, ka riga ka nuna mini ƙofa."

Na sake duba jerin a allon kwamfuta. Abin a fili yake. Na ba Alhaji lamba shida ita kaɗai, don babba ba ya jiran a danna masa lamba biyu. Sauran na jera su a ƙarƙashinsa kamar 'ya'ya: sittin ɗakin aikinmu na Kano, sittin da ɗaya Kaduna, sittin da biyu Ibadan, sittin da uku Legas. Ranar da na tsara haka har yaba wa kaina na yi. Mai gadin Kano sabon samfuri ne, yana karanta dokokin duka ya zaɓi wadda ta fi dacewa da lambar, shi ya sa bai taɓa tona mini asiri ba. Na Ibadan daga sama yake farawa, dokar da ta fara yin kama da lambar ita yake bi, ba ya ƙara duba ƙasa. Gyaran kuwa ɗaya ne, a sauko da dokar Alhaji ƙarshen jeri, sai kowa ya wuce ta karɓi abin da ya rage.

Na ce, "Amma Alhaji ne fa. Ta yaya zan sa shi a ƙasan Kaduna?"

Rabi'u bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ni tun da nake ban taɓa ganin an jera sunaye an sa babba a ƙasa ba, ko a katin ɗaurin aure, ko a takardar taro, ko wajen rabon nama. Hannuna ne ya rubuta shi a sama kafin kaina ya yi tunani. Na sa kalmar sirri, ina kare allon da kafaɗa don kada ya gani, na sauko da Alhaji layi ɗaya, biyu, har ƙasa, ina jin kamar na tashe shi daga kan kujerarsa a gaban jama'a. Muka buga sittin da uku. Sai ga manajan Legas yana ɓare gyaɗa a kan teburinsa. Muka buga Kaduna, ta shiga. Aikin da na yi tafiyar kwana biyu dominsa bai kai minti biyar ba.

Bayan magariba ya kai ni wajen mai tsiren da ya ce duk Sabo ba kamarsa. Tsiren ya yi daɗi, ban so ya yi ba. Muna tsaye ya ce, "Yaya, gobe in Oga ya tambaya, a ce masa na'urorin ne ba iri ɗaya ba. Ai gaskiya ce, ba ƙarya a ciki. A bar maganar a nan, o tan, shi ke nan." Na ce to. Ya san abin da na faɗa wa Alhaji a kansa, manajansa ya gaya masa tun makon jiya. Ya sani ya ɗauki akwatina, ya sani ya kai ni gaban mahaifiyarsa.

Alhamis da hantsi muka jeru a gaban talabijin, manaja a tsakiya, ni a dama, Rabi'u a hagu. Aka danna shida. Alhaji ya bayyana, wannan karon da hularsa har goshi. Hoton yana ɗan tsalle, murya tana riga leɓe isowa, kuma in ka yi magana sai ka jira ta je sama ta sauko kafin a amsa maka. Bayan gaisuwa ya ce, "Tukur, ka kama mai laifin?"

Kafin in buɗe baki Rabi'u ya karɓa. "Ranka ya daɗe, na'urorin ne ba iri ɗaya ba, ta nan karatunta daban. Yaya Tukur yana zuwa ya gano wurin ya gyara, yanzu ko'ina yana shiga."

Na ga Alhaji yana gyaɗa kai, ya gamsu. In na yi shiru na minti ɗaya, Turai tawa ce. Ina so in ce muku tsoron Allah ne ya buɗe mini baki, kuma ina fata akwai shi a ciki ko kaɗan ne. Amma abin da na ji a lokacin daban ne. Yaron nan ya fi ni harsuna, ya fi ni tsabtar aiki, ya fi ni farin jini a unguwa, yanzu kuma zai fi ni hali, a gabana, ina zaune ina kallo. Zan hau jirgi da sadakarsa, in dawo in ci gaba da amsa Yaya a bakinsa, shi ya sani ni na sani. Wannan kam ƙyashina bai iya haɗiye ta ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne. Ni na rubuta jerin, na sa lambarka a sama, ita ta riƙa haɗiye kiran kowa. Rabi'u ya gano tun tuni, ya rubuto mini sau uku ban karanta ba. Abin da na faɗa maka a kansa ba haka ba ne."

Maganar ta tafi sama. Hoton ya tsaya cak da bakin Alhaji a buɗe, ban sani ba ko setilayit ne ko shi ne. Can ya motsa.

"Wato girmama ni ka yi, shi ya sa aka gan ni da rabin kai?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To yanzu ina ka ajiye ni?"

"A ƙasa."

"Har ƙasan Kaduna?"

"Ƙasan kowa, ranka ya daɗe."

Ya gyara hula, ya yi 'yar dariya ta hanci. "A bar ni a can, na fi samun sakewa. Rabi'u, kana da fasfo?"

Juma'a da asuba muka juyo. Alhaja ta haɗo ni da goro fari da ƙullin garin amala, ta ce in kai wa maiɗakina ta gwada, in ta kasa in dawo Sabo a koya mata. Kafin in shiga mota na rubuta kalmar sirrin a bayan rahoton nan, na yage wurin na ba Rabi'u, sauran takardar kuma na watsa ta a Kwara da muka zo gadar Jebba. A Mokwa muka yi sallar Juma'a, direba ya cika but da doya har motar ta zauna. Abokin tafiyarmu ya ba mu labarin Bodija tun daga Oyo har Tegina, albasa ta yi kaza, wake ya yi kaza. Asabar da yamma muka shigo Kano.

In kun tambaye ni abin da tafiyar ta koya mini, na aiki dai guda biyu ne. Doka mai faɗi a ƙasa ake sa ta, ko ta wace ce, kuma takardar da ƙaninka ya turo maka ka karanta ta har ƙarshe. Na zuciya kuwa ba zan yi muku ƙarya in ce na warke ba. Na dai gane cewa ciwon da na ɗauka daga Kano na kai Ibadan, shi na sake ɗaukowa na dawo da shi, sai dai yanzu na san ba Rabi'u ne ya sa mini shi ba.

Shekaranjiya ina ɗakin aiki ina ɗaura wa wayoyina 'yan takardu, talabijin ta yi ƙara. Kira ne daga Ibadan, ya zo sittin kai tsaye bai leƙa ofishin kowa ba. Rabi'u ne tsaye cikin zafin Mokola, sanye da wata ƙatuwar rigar sanyi da ya samo a gwanjo, gumi yana bin fuskarsa. Ya juya hagu, ya juya dama, ya ce, "Yaya, ta yi? Kai nake so ka fara gani."

Na ce masa ta ɗan yi masa yawa a kafaɗa. Ƙarya nake yi. Ta zauna masa kamar don shi aka ɗinka ta.